Yadda nake auna musayar 'yan wasa a hoki na ƙanƙara

A teburin mai shayin da muke zama bayan isha'i a Unguwar Rimi, hirar kowa ƙwallon Ingila ce. Ni kaɗai nake raba dare saboda hoki na ƙanƙara, wanda a lokacin hunturu sai ƙarfe ɗaya na dare agogonmu ake fara wasannin gabashin Amurka. Kwanaki wani ƙanina ya ce min, "Yaya, su can nawa ake sayen ɗan wasa?" Na ce masa ai ba a saye. A gasar NHL mai ƙungiyoyi 32 a Amurka da Kanada, ba ni gishiri in ba ka manda ake yi: mutum da mutum, ko mutum da damar zaɓen matashi, wato gurbi a zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi duk shekara. Tun 2005 aka hana zuba tsabar kuɗi a cikin cinikin. To idan labarin musaya ya faɗo wayarka, ta ina za ka fara?

Ka fara ajiye suna gefe, ka nemi shekarun ɗan wasan da kwantiraginsa. Akwai iyakar albashi da babu ƙungiyar da za ta haura. Dala miliyan 39 ce a 2005, ta kai miliyan 88 a kakar 2024/25. Kamar mudu ne, abin da zai ci shi zai ci, duk dalar da ka ba mutum ɗaya wani ka hana. Shi ya sa gwani mai tsada da ƙarfinsa ya fara ja baya zai iya zama kaya a wuyan ƙungiya shekara da shekaru.

Wannan darasin da kaina na koye shi. A Yulin 2022 Calgary ta ba Florida Matthew Tkachuk, ta karɓi Jonathan Huberdeau da mai tsaron baya MacKenzie Weegar da wani matashi da damar zaɓe a zagayen farko. Huberdeau ya gama kaka da maki 115, wato ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci. A daren na rantse Calgary ta ci riba, don ƙidaya kawai na yi, na ga hannunta ya fi cika. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne Tkachuk yana da shekara 24, Huberdeau 29, kuma kowannensu ya sa hannu a kwantiragin shekara takwas. Florida za ta biya miliyan 9.5 a shekara ta mori ƙuruciyar mutum gaba ɗaya. Calgary kuwa miliyan 10.5 za ta riƙa biya har ɗan wasanta ya doshi 38. Kaka ta gaba Huberdeau maki 55 ya samu. Florida ta je wasan ƙarshe a 2023, ta ɗauki kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, a 2024, ta maimaita a 2025. Tun daga nan idan na ga maki masu yawa sai na tambaya da wa yake wasa a layi ɗaya (wato 'yan gaban da suke shiga fili tare), wane salo kocinsa yake bi, domin ba duka ake tafiya da su sabon gari ba.

Sai damar zaɓe, wadda sabon shiga yake rainawa saboda ba ta da fuska. Zaɓen matasa zagaye bakwai ne duk shekara, kuma ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ke samun lambobin gaba. Don haka kada ka tsaya a "zagayen farko", ka tambayi damar wace ƙungiya ce. A 2009 Toronto ta ba Boston damar zagayen farko guda biyu da ta zagaye na biyu guda ɗaya don ta samu Phil Kessel. Kessel ya ci ƙwallaye, amma Toronto ta faɗi ƙasa, damarta ta zama lamba biyu a 2010. Boston ta ɗauki Tyler Seguin da ita, kuma yana cikin tawagar da ta ci kofi a 2011. Yanzu manajoji kan sa sharaɗi cewa in damar ta faɗo cikin goman farko sai a ɗage zuwa baɗi. Ka nemi wannan layin a labarin, ƙarami ne amma yana sauya lissafi.

Ka duba kuma abin da kowane ɓangare yake nema. Kafin a rufe kasuwa, yawanci a farkon Maris, mai harin kofi kan ɗauko ɗan wasan da kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, mai gini sabo kuma ya tara matasa. Duka biyun suna iya yin daidai. Ƙungiyar da ta saki ɗan wasa tana iya ci gaba da biyan har rabin albashinsa, kuma wasu gwanaye suna da ikon ƙin zuwa inda ba su so, wanda yake karya farashinsu.

Abin da ya fi wuya shi ne haƙuri. A 1992 Philadelphia ta kwashi 'yan wasa shida da damar zaɓe biyu da dala miliyan 15 ta ba Quebec saboda Eric Lindros. Lindros ya zama gwarzon gasar a 1995. Amma cikin waɗanda aka bayar akwai Peter Forsberg, yaro ɗan Suwidin da bai taka NHL ba tukuna. Ƙungiyar Quebec ta koma Colorado, ta ci kofi a 1996 da 2001, Philadelphia ba ta ci ko ɗaya da Lindros ba.

Ina da ɗan littafi da nake rubuta kowace babbar musaya: kwanan wata, shekaru, albashi, da hasashena na ranar. Ba na sake buɗe shafin sai kaka uku ta wuce. Na Tkachuk a Yunin 2025 na koma masa, da asuba, bayan Florida ta doke Edmonton a wasan ƙarshe karo na biyu.