Ka faɗa da baki kafin ka tura kuɗi a teburin foka

Kowa ya san hukuncin caca, ba wa'azi na zo yi ba. Amma in tafiya ta kai ka teburin foka (wasan karta na kuɗi) a gidan caca, riƙe wannan: faɗi adadin da baki, sannan hannunka ya motsa.

A birnin Las Begas na Amurka abin ya same ni. Wani ya zuba dala 15, ni kuma kartata ta yi kyau. Na jefa baƙar kwandala ɗaya ta dala 100, irin wadda ake wasa da ita a madadin kuɗi, nufina in ƙara a kan nasa. Mai rabon karta ya miƙo mini canjin dala 85, ko kallona bai yi ba.

Ashe doka ce. Kwandala ɗaya babba, ba magana, biya daidai da abin da wani ya zuba ke nan. Haka kuma in ka tura kuɗi, ka koma ka ƙaro, na biyun ba ya shiga. A gasa ma haka ne.

Sai dai baki shi ke yanka wuya. Abin da ka furta in layi ya zo kanka ya zauna, ba janyewa. In ɗakin da hayaniya, ɗaga murya, ka jira mai rabo ya maimaita adadin. Kuma da Turanci za ka faɗa, a Amurka ba a yarda da wani harshe ba muddin karta na hannu.