Ya sani, amma ya kasa yi: kurakuranmu game da ƙwaƙwalwar bayan goshi

Ɗora tafin hannunka a goshinka. Bayan wannan ƙashin ne sashen gaba na ƙwaƙwalwa yake, kuma shi ne mafi girma a cikin sassanta. Can gabansa akwai wurin da za mu iya kira jagora. Shi ke riƙe abu a ka har a gama amfani da shi, shi ke taka birki idan zuciya ta ce a yi yanzu-yanzu, shi ne kuma ke sauya dabara idan ta farko ta ƙi ci. Tsari da shiri da hangen abin da zai biyo baya duk daga nan suke tasowa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne ɗaukar cewa duk wanda ya san daidai zai iya aikata daidai. A 1985 wasu masana biyu a Amurka, Paul Eslinger da Antonio Damasio, sun ba da labarin wani akanta da aka cire wa ƙari a ƙasan wannan sashe. Bayan tiyatar, duk gwajin basira da aka yi masa ya ci da maki mai yawa. Idan aka tambaye shi yadda ya kamata a warware wata matsala ta zaman jama'a, sai ya ba da amsa mai ma'ana. Amma rayuwarsa ta wargaje: aiki ya kuɓuce masa, dukiyarsa ta salwanta, zaɓen wurin da zai ci abinci ma yakan ɗauke shi awanni. Sanin yana nan daram, abin da ke mayar da sani aiki ne ya samu rauni. Saboda haka idan yaro ko babba ya zayyana maka dokar tiryan-tiryan, sannan ya karya ta bayan minti goma, kada ka yi saurin cewa kunnen ƙashi ne. Ƙara masa nasiha ba zai yi amfani sosai ba, domin ba nasihar ce ta yi masa ƙaranci ba. Gyaran shi ne a fito da taimakon daga cikin kai zuwa inda ake aikin: jerin matakai a rubuce a manne a wurin, ƙararrawar waya a daidai lokacin, umarni ɗaya a lokaci guda maimakon biyar a jere. Abin da mutum ke iya riƙewa a kansa lokaci ɗaya bai fi guda uku zuwa biyar ba, ko da lafiyarsa ƙalau. Idan kuma farawa ce ke gagararsa, ku yi matakin farko tare, sau da yawa sauran sai ya biyo.

Na biyu, mukan fassara sauyin hali da mugunta. A watan Satumba na 1848, wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa a jihar Vermont, Phineas Gage, yana shirin fasa dutse sai nakiya ta tashi, sandar ƙarfe ta shiga ta kumatunsa na hagu ta fita ta tsakar kansa. Ya rayu, yana tafiya yana magana, amma likitansa John Harlow ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya zama marar haƙuri, mai ashar, mai shirin da ba ya cikawa. Irin wannan na faruwa a yau bayan haɗarin mota, domin ƙasan ƙoƙon kai ta gaba yana da kaushi, ƙwaƙwalwa kuma kan bugu da shi. Rauni ya warke a waje, sai iyali su ga mutum ya zama mai saurin fushi, ko ya zauna shiru ba ya fara komai, su ce lalaci ne. Akwai ma wata cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da ke farawa ta nan, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 65, kuma alamarta ta farko ba mantuwa ba ce, rashin kunya ne ko rashin tausayi daga wanda da ba haka yake ba. Shi kansa sau da yawa ba ya ganin ya canza. Duk wanda halinsa ya juya haka, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa kafin a yanke masa hukunci.

Kada kuma a yanke ƙauna. Masu ba da labarin Gage sukan manta cewa daga baya ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki na fasinja a ƙasar Chile, aiki mai buƙatar kiyaye lokaci da iya hulɗa da mutane.

Sai maganar da ta cika intanet, wai ƙwaƙwalwa ba ta gama balaga sai an cika shekara 25. Gaskiya ne wannan sashe yana cikin na ƙarshe wajen balaga, yana ci gaba da gyaruwa har cikin shekarun ashirin da wani abu. Amma babu wata rana da ake tsallakewa. Matashi ɗan shekara 16, idan hankalinsa a kwance yake, yana iya auna magana da kyau. Inda birkinsa ya fi kwancewa shi ne cikin abokai ko cikin ɗoki da fushi. Don haka kada a ɗora masa kamun kan dattijo, kada kuma a hana shi yanke shawara gaba ɗaya. A tattauna da shi tun kafin abin ya taso.

Tsawa ma kuskure ce. Firgici da matsananciyar damuwa suna raunana aikin wannan sashe nan take, haka rashin barci da barasa. Wanda kake daka wa tsawa don ya yi tunani, ka kashe masa abin tunanin kenan. Bari ya huce tukuna.

Masu cewa suna iya ayyuka biyu lokaci guda kuwa, taura biyu ba ta taunuwa. Ƙwaƙwalwa tsalle take yi tsakaninsu, kowane tsalle yana cin lokaci yana ƙara kuskure. Ajiye wayar a wani ɗaki ya fi sauƙi a kan yin kokawa da ita a gabanka.

Wasannin waya masu alƙawarin kaifafa ƙwaƙwalwa suna sa ka ƙware a wasan ne, ƙwarewar ba ta cika bin ka zuwa aiki ko karatu ba. A 2016 kamfanin Lumos Labs, mai irin waɗannan wasanni na Lumosity, ya amince ya biya dala miliyan 2 bayan hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta tuhume shi da tallar abin da ba shi da hujja a kai. Lokacin da za ka ba wasan, ka ba barci da motsa jiki.