Zanen kurmi da fentin ruwa irin na Turawan Ingila, a iskar Maradi

Fentin ruwa ba baƙonmu ba ne. Abin da ke riƙe launinsa a jikin takarda ƙaro ne, irin wanda muke ɓamɓarowa a jikin dakwara muna yara.

Kayan aikin ba su da yawa: takarda mai kauri (giram 300), burushi babba da ƙarami, fensir, kofi biyu na ruwa, da launi huɗu kacal, wato shuɗi, ruwan ɗorawa, ja da ƙasa-ƙasa. Manna takardar a katako ta kowane gefe, in ba haka ba za ta kumbura kamar fanke.

Ƙa'idar tsofaffin masu zanen Ingila ita ce a fara da haske a ƙare da duhu. Ba ka shafa farin fenti. Inda rana ta ratso ganye, takardar ce za ka bari fara tas. John Sell Cotman, wanda ya zana dazukan bakin kogin Greta a Yorkshire a 1805, haka yake shimfiɗa launi fili-fili, a natse, ba ya bin ganye ɗaya bayan ɗaya. Ni shi ne gwanina.

Jiƙa takardar, ka zuba shuɗi tsararo a sama, ɗorawa a ƙasa. Tun da danshi ɗiga itatuwan nesa, su fito dishi-dishi. Sai ka cire hannu.

A nan na sha kunya. Ina gwada wa ɗan yayata a gindin wani gawo a bakin Gulbi, na yi shafi na biyu na farko bai bushe ba. Ya leƙo ya ce, "Kawu, kunun kanwa kake damawa?" Tun ranar sai na taɓa da bayan hannu. In da sanyi-sanyi, da sauran jira.

Bayan ta bushe, haɗa korenka da kanka: shuɗi da ɗorawa, ka ɗan karya shi da ƙasa-ƙasa, don koren kanti ya cika ihu. Kututtukan kusa da inuwarsu su zo a ƙarshe, duk inuwa ta kwanta gefe guda.

Da hunturu kuwa iskar nan tana shanye ruwan kafin ka kai ƙasan takarda. Dama launi mai yawa tun farko, ka fito da sassafe, ka zauna inda bango ya tare maka iska.