Siriri ne kai amma an ce akwai kitse a hantarka? Ga inda muke tafka kuskure

Ranar da likita ya duba takardar sikanin ya ce mani "Malam akwai kitse a hantarka" wallahi dariya na yi, na ɗauka takardar wani ce aka haɗa da tawa. Ni da tun muna firamare ake kirana tsinken sakace, kilo 61 gare ni, wandon da na ɗinka tun kafin aure har yau ina sa shi (ko da yake dai a ƙasan cibiya nike ɗaure shi yanzu). Na ce likita a ina kitsen ya samu wurin zama? Ya ce in ɗaga riga. Ya ɗauko tef irin wanda nike awo da shi kullum a shago ya zagaya ta saitin cibiya, santimita 91. Ya ce to ga gidanshi nan.

Kuskuren farko kenan kuma kusan kowa na yin shi, mun ɗauka ciwon masu ƙiba ne, ciwon Alhazawa masu teɓa. Kitsen da ke cutar da hanta ba wanda kake kamawa da yatsa a damtse ba ne, na can ciki ne da ke zagaye hanji da sauran kayan ciki, shi yasa zaka ga mutum hannu kamar kara ƙafa kamar kara amma ga ɗan tumbi ya turo riga. Idan kitse ya wuce kashi 5 cikin 100 na hanta to an shiga layi. Wasu kuma gado ne, jikinsu na saurin tara shi ko da ba su ƙiba. Kuma don Allah kada ka ji haushi ka ce ai ni ban taɓa kurɓar giya ba, wannan nau'in babu ruwanshi da giya, ya fi alaƙa da suga da hawan jini da kitsen jini, har ma a 2023 likitocin hanta suka sauya mashi suna zuwa MASLD don a nuna hakan. Gwajin gida mai sauƙi: samu zare ka auna tsawonka daga kai har ƙasa, ninke shi gida biyu ya koma rabi, ka zagaya cikinka da shi. In bai haɗu ba akwai magana. Tsawona 174, rabi 87 kenan, ni kuwa 91.

Sai na biyu, "ai aikina ma motsa jiki ne". Ni ma haka na ce, ina taka keken ɗinki tun safe. Ya tambaye ni rabona da tafiyar da ta sa ni haki, na yi shiru, don gaskiya daga gida zuwa shago mashin ne, daga shago zuwa kasuwa sayen zare mashin ne, masallacin da ke bayan layinmu ma wani lokaci sai na buga mashin. Mutanen Katsina mun san kanmu, yaro ma in ka aike shi sai ya ce ka ba shi makulli. Abin da hanta ke so shi ne motsin da zai sa zuciya ta ƙara bugu na tsawon lokaci ba tsayawa: tafiya da sauri, sassarfa, tuka keke, tsallen igiya, ƙwallo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 zuwa 300 a sati na matsakaicin motsi, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani. A sauƙaƙe minti 30 sau biyar a sati. Yadda zaka gane ka kai: kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. In kuna tafe kuna hirar siyasa kuna tsayawa gaisawa da duk wanda kuka gani daga Kofar Kaura har Kofar Kwaya, wannan zumunci ne kun samu lada, amma hanta ba ta samu kome ba.

Akwai kuma 'yan zafin nama, a ce maka ka motsa jiki sai ka sayi kambas sabo ka nufi filin wasa na Karkanda ranar Asabar ka yi ta gudu kamar an biyo ka, gwiwa ta kumbura, shikenan sai bayan wata biyu. Fara da minti 10 ko 15 ka riƙa ƙarawa. Ni bayan Asuba nike yi kafin rana ta buɗe ido, musamman watan Afrilu da Mayu da zafi ke kamar zai dafa mutum, lokacin hunturu kuma in rufe hanci saboda ƙura. Mai hawan jini ko suga ko wanda ƙirji ke riƙe mashi in ya yi sauri, ya ga likita tukuna.

Amma babban kuskuren da ya fi cin sirara shi ne sikeli. Mai ƙiba in ya fara tafiya yana hawa sikeli ya ga kilo na sauka ya ji daɗi ya ci gaba. Kai siriri ka yi wata guda kana haki ka hau ka ga 61 ɗinka na nan ba ta motsa ba, sai ka ce aikin banza nike. Ko kuma ta ɗan sauka sai gida ya rikice. Ni da na rage kilo ɗaya Inna ta kira ni ta ce "kai wane irin likita ne wannan zai ƙarar mani da ɗa, dama mi gare ka a jikin?" Washegari sai ga kwanon fura da nono an aiko, an zabga suga har tana danƙo. Matata ma cewa ta yi mutane za su ce ba ta ba ni abinci.

Abin da ya kamata mu gane shi ne motsa jiki na rage kitsen hanta ko da nauyi bai sauka ba sam. Dalili, in tsoka na aiki tana jan suga daga jini ta ƙona, jiki ya koma jin maganar insulin (sinadarin da ke daidaita suga a jini), sai abin da ake turawa hanta ta mayar kitse ya ragu, wanda ta tara kuma ta fara sakinshi. Duk wannan a ciki yake faruwa sikeli bai sani ba. Masu ƙiba ake ce ma su rage kashi 7 zuwa 10 na nauyinsu, siriri kashi 3 zuwa 5 ya isa, a wurina kilo biyu zuwa uku kenan, ba wai ka koma kamar wanda ya tashi daga jinya ba. Saboda haka aje sikeli ka ɗauki tef. Kuma kada ka ce zaka daina cin abinci, yunwa har tsoka take cinyewa alhali ita ce ma'aikaciyar, mu kuwa dama ba ta da yawa a jikinmu. Shi yasa ake so ka haɗa da abin ƙarfafa tsoka kwana biyu a sati, tsugunne-tashi, dannawa ƙasa da hannu, ko ɗaga jarkar ruwa, ba sai ka biya kuɗin jim ba.

Wani abin dariya da na yi sati uku ina yi, in na gama tafiya sai in biya wurin mai shayi in ce a haɗa mani kakkauri da biredi, da rana kuma lemo mai sanyi wai na sha wahala. Robar lemo ta 50cl sugan cikinta ya kai kusan giram 50, wato kusan duk abin da aka yarda babba ya sha a wuni, kuma rabin sugan nan irin wanda hanta ce ke sarrafa shi ne, in ya yi yawa ta mayar kitse. Lemon malt da muke ɗauka maganin ƙarin jini ne shi ma suga ne, zoɓo da kunun aya na roba haka, ba laifin zoɓon ba ne laifin hannun mai zuba suga ne. Da azumi abin ya fi muni, a sha ruwa da jug guda na zaƙi. Tuwon dawa, gero, wake, kwaɗon zogale da rama, waɗannan ba su da matsala in ba a cika ma ciki ba, fura ma a sha ba suga.

Sannan maganar jiƙo. Da an ji kalmar hanta kowa ya zama likita, wannan ya kawo sassaƙe wancan ya ce akwai mai maganin wankin hanta a mota da lasifika. Duk abin da ka haɗiya ta hanta zai bi, kuma akwai haɗe-haɗen da ke ƙona ta, ita da take fama sai ka ƙara mata kaya. Ɗaukar kitsen hanta a matsayin ciwon hanta nau'in B ma kuskure ne, wancan ƙwayar cuta ce kuma tana da yawa a ƙasar nan, mutum na iya samun duka biyun, don haka a gwada B da C, in babu B a yi rigakafi. Kada kuma ka ce ba inda ke mani ciwo ko gwajin jinin hanta na ALT ɗina ya fito lafiya, hanta ba ta da ƙorafi, tana iya yin shekaru tana tabo a hankali ba ka ji kome ba, in likita ya ce ka dawo ko ya tura ka FibroScan, sikanin da ke auna taurin hanta, ka je.

Mata kuma da ke cewa ina za mu fita gudu a gari, tsakar gida ta isa. Matata igiyar shanya ta yanke tana tsalle bayan yara sun tafi Islamiyya, ta fi ni naci ma yanzu.

Wata biyar kenan, jiya na sa tef a shago bayan yara sun tashi, 87 cif. Sikeli kuma 60. Sikanin na gaba sai bayan Sallah, furar Inna kuma har yau tana zuwa duk Juma'a, yaran shago ke shanyewa ban faɗa mata ba.