Yadda za ka gane sojan wace ƙasa ke nuna wa wayarka hanya

Shekarata goma sha ɗaya ina gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, kuma sai bara na san cewa taswirar da ke kai direba ƙofar gidan biki a Hotoro tana jingine ne da kayan soja. Wani yaron shagona ne ya nuna mini, na ji kunya kaɗan, sannan na koya. Gwajin bai fi minti goma ba.

Ka fara da sauke manhajar GPSTest a wayar Android, kyauta ce. Ka kunna Location, ka fita fili. Kada ka gwada a cikin shago mai rufin kwano, ba abin da za ka gani sai layuka wayam. Ka ɗan jira, musamman in ba ka da data, don wayar sauraro kawai take yi, ba ta aika wa tauraron ɗan adam komai. Can sai tutoci su fara jeruwa, kowane layi tauraron ɗan adam guda. Aƙalla huɗu waya take buƙata kafin ta san inda kake tsaye.

Tutar Amurka ita ce GPS. Taurarinta sun kai talatin, suna kewaya duniya a nisan kilomita 20,200, kuma rundunar sojan sararin samaniyar Amurka, wadda aka kafa a Disambar 2019, ita ke tafiyar da su. Da gangan a da suke gurɓata siginar da farar hula ke samu, har waya ko jirgi ya yi kuskuren mita ɗari, sai a watan Mayun 2000 Shugaba Clinton ya sa aka daina. Wanda ya iya buɗe famfo ai ya iya rufe shi, shi ya sa sauran manyan ƙasashe suka ƙi zama 'yan cin arziki. Tutar Rasha GLONASS ce, wadda sojan Tarayyar Sobiyat suka fara harbawa a 1982. Ta Sin BeiDou ce, an kammala ta a 2020. Shuɗiyar mai taurari Galileo ce ta Tarayyar Turai, ita kaɗai ce a hannun farar hula a cikin huɗun nan.

Yanzu sai ka leƙa cikin wayar, amma ba sai ka kwance ta ba. Sauke manhajar CPU-Z, za ta gaya maka sunan babban IC ɗin da ke kan fanel (allon kayan lantarkin cikin waya), wanda 'yan jarida ke ce wa ƙwaƙwalwar waya. A Tecno da Infinix yawanci MediaTek za ka gani, a ƙananan itel kuma sau da yawa Unisoc. A nan mutane ke ruɗewa, su ce ai duk kayan Sin ne. An dai haɗa wayar da sunan kamfanin Transsion na Shenzhen a Sin, mai Tecno da Infinix da itel, amma MediaTek na Taiwan ne, kuma shi ma zane kawai yake yi. Masu ƙerawa daban ne, babbansu TSMC, shi ma a Taiwan. Injin da ke buga mafi ƙanƙantar zane kuwa kamfani ɗaya tak ke yin sa a duniya, ASML na garin Veldhoven a Holan. Ni da nake ɗaga IC da bulowa kullum, in ƙone yatsa in zubar a kwandon shara, ban taɓa kawowa a raina cewa a kan irinsa ake zaman doya da manja tsakanin Amurka da Sin ba.

Da ka riƙe waɗannan sunaye, labarin rediyo zai daina zama hayaniya. In ka ji an ce Amurka ta hana sayar wa Sin manyan IC da injinan yin su a Oktoban 2022, ko ta ware kusan dala biliyan 52 a shekarar ta 2022 don a dawo da masana'antar gida, ka tambayi kanka wace gaɓa ta sarƙar yin IC aka shaƙe. In ka ji Sin ta taƙaita fitar da ma'adinan galiyom da jamaniyom daga Agustan 2023, ka san ramuwa ce, don da su ake yin na'urar rada da faifan sola na taurarin ɗan adam.

Wanda ya fi ba ni mamaki Rasha ce. Tana da roka, tana da injiniyoyi, amma tauraro yana buƙatar IC na musamman da zai jure hasken da ke lalata kayan lantarki a sama, kuma da yawa daga waje take sayowa. Da aka ƙaƙaba mata takunkumi a 2014, sababbin taurarin GLONASS-K suka yi ta jinkiri shekara da shekaru.

In ka gwada ka ga tuta ɗaya ko biyu kawai, kada ka kawo mini wayar ka ce ta lalace. Tsohon IC ne, iyakar abin da yake ji ke nan. In kuwa ba ko ɗaya bayan minti biyar a fili, to mai yiwuwa eriyar GPS ɗin ce ta saki, wannan kam aikina ne.