Kurakuran da ke durƙusar da reshen ƙungiyar tsofaffin ɗaliban jami'a, da gyaransu

Kafa reshe ba shi da wuya. Mutum biyar da suka yi karatu a Samaru ko Kongo, harabobin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, su haɗu a wajen ɗaurin aure a Bauchi ko Jos, a taɓa hirar zamanin makaranta, kafin a watse an buɗe zauren WhatsApp, an naɗa shugaban riƙo. A shekara ta biyu ake gane ko reshen zai rayu, kuma abubuwan da ke kayar da shi kusan iri ɗaya ne, ko na tsofaffin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ne, ko na Bayero, ko na Usmanu Ɗanfodiyo, ko na Maiduguri.

Kuɗi ne kan gaba. Da yawa ana fara tara kuɗin wata-wata a asusun ma'aji na kansa, a ce ai Alhaji mutumin kirki ne. Ko da mutumin kirki ne, kuɗin ƙungiya sun cakuɗe da na cefanen gidansa, kuma ranar da ya kwanta ciwo ko Allah ya yi masa rasuwa, banki magadansa ya sani, bai san reshe ba. Gyaran shi ne asusu da sunan ƙungiya. A fara tuntuɓar uwar ƙungiya ta ƙasa, domin in tana da rajista, mai yiwuwa ne reshe ya buɗe asusu a ƙarƙashinta da wasiƙar amincewa. In hakan bai samu ba, sai a yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, bisa dokar kamfanoni ta 2020. Ana buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, kuma bayan an samu takarda akwai rahoton da ake miƙa wa hukumar duk shekara, wanda yawanci ake mantawa da shi sai an ga tara. Kada kuɗi su fita sai da hannun mutum biyu cikin uku. Ƙarshen kowane wata ma'aji ya saka takardar banki a zaure ba sai an roƙe shi ba. Mutanenmu suna jin nauyin tambayar dattijo lissafi, shi ya sa ya fi kyau doka ta tambaye shi tun kafin wani yaro ya buɗe baki a ce ya yi rashin kunya.

Sai liyafar shekara, wadda ta cinye rassa da yawa. A kama zauren otal, a buga kati, a gayyato uban taro da babban baƙo da babban mai ƙaddamarwa, a raba lambar yabo ga duk wanda ake sa ran zai sa hannu a aljihu. Mai gabatarwa ya yi ta shelanta miliyoyi ana tafi. Bayan wata uku sakatare yana ta kiran waya ba a ɗauka, mai otal kuma yana jiran cikon kuɗinsa. Kada a rubuta alƙawari a shafin kuɗin shiga, kuma kada a fara wani aiki a kansa. Liyafa a yi ta gwargwadon abin da masu zuwa suka biya. Lambar yabo kuwa, in an ba mutum goma sha biyar a dare ɗaya, ba wanda aka karrama. A ba mutum ɗaya ko biyu, kuma ni a ganina malamin da ya yi ritaya yana zaune a garin, wanda ya koyar da rabin mutanen da ke cikin zauren, ya fi cancanta a kan kwamishinan da zai turo wakili. In zaɓe ya matso a ƙara taka tsantsan. Ɗan takara ɗaya ya hau mumbarin reshe, 'yan ɗaya jam'iyyar sun daina biyan kuɗin wata.

Wani kuskuren ba a ganinsa sai an dubi waɗanda ba su zo ba. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, don haka reshe ɗaya yana iya haɗa wanda ya yi karatu zamanin da Farfesa Ishaya Audu yake shugabancin jami'ar da yarinyar da ta gama bara tana bautar ƙasa a garin. In an yanka musu kuɗi ɗaya, yarinyar ba za ta dawo ba. A ɗauke wa 'yan bautar ƙasa da masu neman aiki kuɗin gaba ɗaya, a ba su aiki na gaske: rajistar mambobi, lissafi a kwamfuta, shirya fita. Abin da suke nema wajen manya shi ne wanda zai duba musu takardar neman aiki, ya gaya musu inda ake ɗauka. Zama ɗaya duk wata uku a kan wannan ya fi musu doguwar lacca a kan tarbiyya. Mata ma haka. A sa taro bayan isha'i a otal, sannan a ce ba sa zuwa. Waɗanda suka zo kuma a miƙa musu kwamitin abinci, alhali a cikinsu akwai akanta da lauya da likita. A mayar da taro Asabar da hantsi, a harabar wata makaranta. Kuma jami'a ba ta mutanen addini ɗaya ko yare ɗaya ba ce: a kauce wa safiyar Lahadi kamar yadda ake kauce wa lokacin Juma'a, in an yi buɗa-baki a azumi a kai ziyara lokacin Kirsimeti.

A aikin sa-kai ne aka fi asarar kuɗi da niyya mai kyau. Dashen itatuwa misali ne. Ana sa ranar dashe bisa lokacin da babban baƙo yake da sarari, ko da a tsakiyar rani ne, a dasa ɗari biyar, a ɗauki hoto, a tafi. Kafin mako biyu awaki da rana sun gama da su. A jira damina ta zauna, wajen Yuli, a dasa hamsin na darbejiya ko mangwaro, kowanne da kariyar raga ko ƙaya, a harabar makarantar da shugabanta ya yarda zai sa a riƙa ban-ruwa idan rani ya shigo. Kuɗin kariya da ban-ruwa sun fi kuɗin dashen kansa, a sa su a kasafi tun farko.

Rijiyar burtsatse ma haka take. Ba a tambayi mai unguwa ba, ba a kafa kwamitin kula ba, ba a ware na gyara ba, sai allo mai ɗauke da sunan reshe. Ranar da famfo ya lalace, mutanen unguwa su ce na ƙungiya ne, su zo su gyara abinsu. Sau da yawa gyara rijiyoyi uku da suka mutu ya fi haƙa sabuwa arha da amfani, illa dai ba a yanka ƙyalle a wajen gyara, shi ya sa ba a so.

Duba marasa lafiya kyauta yana buƙatar ƙarin hankali. A auna dattijo a ce masa yana da hawan jini ko ciwon sukari, a ba shi maganin mako biyu, daga nan shi ke nan. Waɗannan cututtuka ne na shan magani kullum. Kafin ranar a shirya da asibitin da ke kusa, duk wanda aka gano a rubuta masa takardar zuwa can. Gudummawar jini kuma a yi ta tare da ma'ajiyar jini ta asibiti, a tambaye su nawa za su iya ajiyewa, domin jini yana lalacewa bayan kimanin mako biyar. Ya fi amfani reshe ya riƙe sunayen masu bayarwa da rukunin jininsu, a kira su idan buƙata ta taso. Lokacin bala'i, irin ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a Satumbar 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, reshen da ke nesa ya tambayi 'yan'uwansa da ke wurin abin da ake buƙata kafin ya cika mota da tsofaffin tufafi.

Tallafin karatu kada a miƙa shi a ambulan gaban jama'a. A biya makaranta kai tsaye, a ajiye rasit, a rufa wa ɗalibi asiri. Tunda an fara rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, a 2024, a bincika ko ɗalibin ya samu, wataƙila abin da ya rage masa kuɗin ɗaki ne ko na aikin binciken shekarar ƙarshe.

Ɓangaren al'adu kuwa an taƙaita shi ga masu kalangu a ƙarshen liyafa. Akwai Gidan Makama da Gidan Mambayya a Kano, akwai Arewa House a Kaduna, gidan Sardauna da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Mota ɗaya ta kwashi mambobi da 'ya'yansu. A kuma zauna da tsofaffin reshen a naɗi labarinsu da waya tun suna raye.

Ta'aziyya da biki da suna su ne asalin zumuncin, kuma a nan ake ɓatawa. Mahaifin babban mutum ya rasu a cika motoci, na ƙaramin ma'aikaci ya rasu a tura addu'a a zaure. A rubuta doka: abin da za a bayar kaza ne ga kowa, wakilai uku za su je ko gidan wa. Zauren WhatsApp a raba shi biyu, ɗaya na sanarwa wanda shugabanni kaɗai ke rubutu, ɗaya na hira, domin sanarwar rasuwa kan nutse a ƙarƙashin gardamar siyasa da tallan atamfa.

Shugaban riƙon nan da aka naɗa ranar farko shi ma a sa masa wa'adi a rubuce, shekara biyu, ba fiye da zango biyu ba. Ranar miƙa mulki a miƙa har da littafin taro, rajistar mambobi, takardar CAC, rasitai da lambar sirrin imel, a je banki a canza masu sa hannu a cikin makon.