Idan Wi-Fi na yankewa da zarar ka zare caja

Akwai ƙorafin da nake yawan ji daga masu kawo min kwamfutar tafi-da-gidanka gyara. Muddin tana jone da wuta, intanet lafiya lau, amma ana zare caja sai shafi ya tsaya cak, ko kiran bidiyo ya fara sarƙewa, ko alamar Wi-Fi ta ɓace gaba ɗaya. Da yawansu sun yanke hukunci tun daga gida: a canza katin Wi-Fi, wato ƴar na'urar da ke kama Wi-Fi a cikin kwamfutar, ko a goge Windows a zuba sabuwa. Ina jin takaicin kuɗin da ake ɓarnatarwa a nan, domin katin da ya lalace babu ruwansa da ko akwai caja ko babu. Idan yana aiki da caja, da wuya a ce shi ne ya lalace. Galibi kwamfutar ce da kanta ke rage masa wuta don batir ya daɗe.

Amma kafin ka ɗora wa kwamfuta laifi, duba yanayin da abin ke faruwa. A wurinmu, lokacin da mutum ke komawa kan batir shi ne lokacin da aka ɗauke wuta, kuma a wannan lokacin ne rautar gidan, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, ita ma take mutuwa, ko ta kashe kanta ta sake tashi idan an koma janareto. In kuma da wayarka kake raba intanet, ita ma tana da nata tsarin tattalin batir da kan rufe rabon. Sannan wanda ya zare caja yakan tashi ya koma wani ɗaki, nesa da rauta, kuma a layuka biyun da Wi-Fi ke amfani da su, na 5 GHz ba ya ratsa bango kamar na 2.4 GHz. Don haka gwajin gaskiya shi ne wannan: akwai wuta, rauta na kunne, kana zaune wuri ɗaya, sai ka zare cajar da hannunka.

Ga yadda nake yi don in gani da idona. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta cmd, ka danna Enter. A baƙin allon da zai buɗe rubuta ipconfig, ka nemi layin Default Gateway. Lambar da ke gabansa ita ce adireshin rautarka, kamar 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Sai ka rubuta ping, ka bar tazara, ka sa lambar, ka ƙara -t a ƙarshe. Layuka za su riƙa sauka, kowanne da lokacin da saƙo ya ɗauka ya je ya dawo. Da caja, lambobin ƙanana ne. Yanzu zare ta ka zuba ido. Idan suka yi tsalle zuwa ɗaruruwa, ko ka fara ganin Request timed out, to ka kama ɓarawon. Ka bar allon a buɗe, da shi za ka gane ko gyaran da ka yi ya ci. Ctrl da C ne ke tsayar da shi.

Dalilin yana da kyau a fahimce shi. A ƙa'idar 802.11 da Wi-Fi ke tafiya a kanta, an ba kati damar ya riƙa yin gyangyaɗi. Yakan sanar da rauta cewa zai yi barci, ita kuma ta riƙe masa saƙonninsa, kamar mai shagon da ya ja ƙofa ya bar wa maƙwabci sallahu. Rauta tana fitar da sanarwa kusan sau 10 a kowace daƙiƙa, katin ya farka ya saurara ko akwai nasa. Idan ɓangarorin biyu sun fahimci juna, ba za ka ma san ana yi ba. Matsalar ita ce wasu tsofaffin rautoci da masu araha ba sa riƙe amanar nan yadda ya kamata, sai saƙo ya zube, har layin ya yanke.

Gyara na farko, wanda ya fi warware matsalar a hannuna, yana cikin Control Panel. Shiga Power Options, danna Change plan settings a gaban tsarin da kake kai, sannan Change advanced power settings. Buɗe Wireless Adapter Settings, sai Power Saving Mode. Za ka ga layi biyu, na batir da na wuta. A tsarin Balanced, na wuta yakan zo a Maximum Performance, na batir kuma a Medium Power Saving. Bambancin da ke wahalar da kai ke nan. Mayar da na batir Maximum Performance ka danna OK. Tunda kana wurin, gangara zuwa PCI Express, ka buɗe Link State Power Management, ka sa na batir a Off, domin ta wannan hanyar yawancin katunan ciki suke magana da kwamfutar.

A sababbin kwamfutoci da yawa ba za ka ga layin Wireless Adapter Settings ba, an ɓoye shi. Kada ka karaya. Buɗe cmd a matsayin administrator ka rubuta wannan daidai yadda yake:

powercfg /setdcvalueindex SCHEME_CURRENT 19cbb8fa-5279-450e-9fac-8a3d5fedd0c1 12bbebe6-58d6-4636-95bb-3217ef867c1a 0

Bayan Enter, ka bi shi da powercfg /setactive SCHEME_CURRENT. Sifirin ƙarshen nan shi ne cikakken ƙarfi.

Idan har yanzu lambobin na tsalle, koma Device Manager, buɗe Network adapters, danna sau biyu a kan sunan katinka, wanda yawanci Intel ne ko Realtek ko Qualcomm ko MediaTek. In akwai shafin Power Management, cire alamar da ke kan Allow the computer to turn off this device to save power. Wannan ya fi taimakon masu cewa Wi-Fi ba ya dawowa bayan sun rufe murfi sun buɗe. A shafin Advanced kuma, masu katin Intel su nemi MIMO Power Save Mode su sa shi a No SMPS, su tabbatar Transmit Power yana Highest. Shawarata a nan: canza abu ɗaya, duba baƙin allon, sannan ka taɓa na gaba. Wanda ya juya saiti biyar a tare ba zai san wanne ya yi magani ba, kuma zai ƙona batir a banza.

Kada a manta da Battery saver, wato tsarin tattalin batir, wanda a Windows 10 yake kunna kansa idan batir ya sauka zuwa kashi 20. Tsofaffin kwamfutocin da muke saya na hannu sau da yawa batirinsu ya gaji, minti kaɗan ya kai wannan matakin. Rubuta powercfg /batteryreport a cmd zai fitar maka da rahoton da ke nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa yanzu. Haka kuma manhajojin kamfani irin su Lenovo Vantage suna da nasu tsarin wuta, ka leƙa ciki.

Masu Linux, naku ya fi gajarta. Umarnin iw dev zai nuna sunan katin. Idan wlan0 ne, sudo iw dev wlan0 set power_save off zai hana shi barci har zuwa lokacin da za a sake kunna kwamfutar. Don ya zauna dindindin a Ubuntu, buɗe fayil ɗin default-wifi-powersave-on.conf da ke cikin /etc/NetworkManager/conf.d, ka mayar da 3 ɗin da ke gaban wifi.powersave zuwa 2.

Gaskiya ne batir zai ɗan rage daɗewa bayan wannan gyara. Ni dai a ganina ragin bai kai asarar darasi ko taron aiki da ya yanke ana tsaka da shi ba, kuma rage hasken allo zai dawo maka da abin da ka rasa.

In duk ka bi waɗannan bai ji ba, saura direba, wato manhajar da ke tuƙa katin. Ɗauko shi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar da lambar samfurinta, kuma ka sauke shi ka ajiye kafin ka cire tsohon, don kada ka wayi gari babu intanet ɗin da za ka sauko da shi. Idan kuma matsalar ta fara ne bayan wani sabuntawa, maɓallin Roll Back Driver da ke shafin Driver zai mayar da kai na baya. Gwada kwamfutar a kan wata rautar daban ma, ko a gidan maƙwabci. Idan can ba ta yankewa, rautarka ce ke buƙatar sabuntawa ko canji. Sai duk wannan ya gaza ne nake buɗe bayan kwamfuta in duba zaman katin da siraran wayoyin eriya biyu da ke bi ta maƙalar murfi zuwa bayan allo.